Rahoton Ayyukan Shekara: Ajin Fiziks na 'Yan Matanmu a Jidda

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa mambobi.

Bara kun ɗora wa kwamitin ilimi nauyin gano abin da ya sa 'yan matanmu ke ƙoƙari a fiziks a jarrabawar Tahsili ta shiga jami'a, amma in an zo zaɓen fanni sai su watse, wannan likitanci, waccan koyarwa.

Mun buɗe aji duk Asabar bayan La'asar a falon wata Hajiya, Allah ya saka mata. Kayan gwajinmu zare ne da makullai da agogon waya. Wata yarinya ta ɗaura makulli ɗaya ta lilo shi, ta ƙara biyu, lokacin bai canja ba. Sai da ta gajarta zaren lilon ya yi sauri. Da kanta ta gano, ba wanda ya faɗa mata. Ƙwaƙwalwa dai akwai.

Mun ba su tarihi don su san ƙarancin mata a fannin nan ba halitta ba ce, ƙofa aka rufe. Lokacin da masaniyar fiziks Lise Meitner ta je Balin a 1907, a ɗakin ƙasa aka ajiye ta, don ba a barin mata shiga ɗakunan gwaji na cibiyar da ta je aiki. Maria Goeppert Mayer ta yi shekaru tana aiki a jami'o'in Amurka ba albashi, saboda mijinta malami ne a wurin, kuma ƙa'ida ta hana ɗaukar miji da mata aiki tare. Ita ta karɓi kyautar Nobel a 1963, shekara 60 bayan Marie Curie, kuma zuwa 2023 mata biyar kacal suka same ta a fiziks. A nan Saudiyya ma, sai 1960 gwamnati ta fara buɗe makarantun 'yan mata.

Inda muka fi shan wuya shi ne zama da iyaye. Tambayar kullum: "In ta karanta, wane aiki za ta yi?" Tambaya ce mai kyau, ba mu raina ta ba. Mun nuna masu cewa sashen gashin ciwon daji a asibiti da tashoshin wutar hasken rana duk suna bukatar masana fiziks. Wasu sun gamsu, wasu suna nazari.

Kuɗin asusu ya tafi ne a littattafai da motar mayar da yara gida bayan Magariba. Ma'aji zai karanta lissafin a taro. Baɗi muna neman malama mace da ɗaki mafi faɗi. Mai hali ya ga sakatariya kafin aikin Hajji.

Wassalam,
Kwamitin Ilimi