Motar haya-fachas: ta hannun dillali ko kai tsaye daga dila?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu ja hankalin direbobin karkara masu jigila zuwa kasuwannin Gujungu, Maigatari da Wudil game da karɓar mota a biya sannu a hankali, abin da ake kira haya-fachas a tasha. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin mai sayen lakadan, shi ya sa matasa suka koma wannan hanya, kuma yawancinsu ta hannun dillali suke shiga.

Dillali yana da ranarsa. Mutumin Ringim ko Ɓaɓura bai san wane dila ne a Kano ke da Sharon ko Golf mai lafiya ba, dillali kuwa ya sani, kuma yakan tsaya wa wanda ba a san fuskarsa ba. Amma aikinsa ya ƙare da haɗa ku. A yanka la'adarsa tun farko, a biya sau ɗaya a gaban shaidu. Ɓarnar tana farawa ne idan ya zama shi ke karɓar kafin alƙalami, shi ke karɓar biyan mako. Nan ne ake ɗora riba a kan riba: dila ya sa nasa farashin, dillali ya ƙara nasa a ɓoye. Nan ne kuma direba zai biya wata huɗu cur, littafin mai mota ya nuna biyu, a zo a ɗauke mota ranar kasuwa da fasinja a ciki.

Wanda ya je wurin dila kai tsaye ya tsira daga wannan, sai dai sharuɗɗan sun fi tsauri. Za a nemi kafin alƙalami mai kauri da masu tsaya masa, wani lokaci har a saka wa motar na'urar bin diddigi. A ganinmu wannan tsaurin ya fi sauƙin da dillali ke nunawa, domin ka san hannun da kuɗinka ke shiga.

Ko ta wace hanya aka bi, takarda ce gaba. Dokar haya-fachas ta 1965 ta wajabta a rubuta yarjejeniya, a bayyana farashin motar na lakadan da jimillar abin da za a biya, da adadin kowane biya da ranarsa, a kuma ba mai karɓa kwafinsa cikin kwana 14. Akwai wani tanadi da direbobi da yawa ba su taɓa ji ba: idan ka biya kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin, mai mota ba shi da ikon ƙwace ta sai ta hanyar kotu. A misali, idan jimillar naira miliyan 10 ce, da zarar ka kai miliyan 6 ka shiga wannan kariya. Idan ya ƙwace da ƙarfi bayan haka, kana iya neman duk abin da ka biya. Iyakar abin da doka ta ba shi, idan biya uku suka taru a kanka, shi ne ya ajiye motar a wurinsa ya shigar da ƙara. To da me za ka tabbatar ka kai kashi ukun idan rasit ɗinka na dillali ne, ko ma babu? Saboda haka a tura kuɗi ta banki zuwa asusun da sunansa ke cikin yarjejeniyar, a ajiye shaidar kowane biya.

Kafin sa hannu, a je da bakanike naka, ba na dillali ba. Ya ga motar da safe inji na sanyi, domin a lokacin hayaƙi da ƙarar inji ke tona asiri. Ya duba giya da kulochi, ya leƙa ƙasa ko an yi wa shasi walda. A gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardar kwastan harafi da harafi. Motar da ta shigo ta bayan fage ba a biya mata kuɗin fito ba, ranar da aka tare ta a hanya direba ne ke asarar abin da ya zuba. A kuma rubuta wa ke da alhakin sauya inji idan ya buga, wa ke sabunta takardu da inshora, da kwana nawa za a ɗaga wa direba idan mota ta kwanta a gareji ko damina ta yanke hanya.

Masu gudun kuɗin ruwa su leƙa bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ su tambayi tsarin murabaha ko ijara. A murabaha ana yanke farashi sau ɗaya, ba ya ƙaruwa. A ijara motar tana nan mallakin banki har a gama biya.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW na tashoshinmu su riƙa neman ganin yarjejeniya a rubuce kafin su ba sabuwar mota layi.

Wassalam.

Wasu direbobi da masu gyaran mota,
Ringim, Jihar Jigawa.