Zaman karatunmu na Asabar

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ranar Asabar bayan La'asar za mu haɗu a gindin darbejiyar firamare, in sha Allahu. Ƴan Ringim ku taso da wuri.

Labarin Maupassant, marubucin Faransa, na 1884 za mu tattauna. Matar ƙaramin ma'aikaci ta aro sarƙa don shiga taron manya, sarƙar ta ɓace. Ita da mijinta suka shekara 10 suna biyan bashin sarƙar da suka saya suka mayar a madadinta, ashe ta aron jabu ce.

Ni mijin ya tsaya min a rai: kuɗin da ya tara don sayen bindiga ya ba ta ta yi riga. Shin kwaɗayi ne laifinta, ko rashin hanyar ɗaukaka ga mace sai aure? Iyayenmu mata, muna son jin bakinku, musamman kan aron kayan biki.