Wasiƙar Kirsimeti daga Zwolle

Zwolle, Holan
25 ga Disamba

Zuwa ga Baba da Mama da dukan mutanen gida a Wusasa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kun wayi gari lafiya. Barkanmu da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. A wannan wata agogonmu da naku ɗaya ne, ƙarfe biyar na yamma, amma a nan duhu ya riga ya rufe gari, titi kuma shiru, domin kowa a bayan ƙofarsa yake bikinsa, daga shi sai iyalinsa.

Da safe na bi wata dattijuwa abokiyar aikina zuwa sujada a cocin ƙauyensu, aka zaunar da ni kusa da kwatarniyar baftisma ta dutse wadda ta haura shekara 700, sai na tuna cewa Baba ya sha tambayata a waya wane irin karatu ne wannan na bin coci-coci ana duba duwatsu. Yau ba aiki, bari in ba da amsa a tsanake.

Abin da zai fi ba ku mamaki shi ne ƙasar nan kusan ba ta da dutse. Mu da muka tashi a gindin Kufena ba mu taɓa ɗaukar dutse abin nema ba, amma nan yashi ne da laka da ruwa, in ban da can kudancin lardin Limburg da kuma manyan duwatsun da ƙanƙara ta turo daga arewa tun zamanin da. Saboda haka kusan duk kwatarniyar dutse da mutum ya gani a tsohuwar coci, daga wata ƙasa aka kawo ta, kuma a jirgin ruwa, domin ba hanyar da keken shanu zai ja irin wannan nauyi ya yi nisa. Aikinmu shi ne gano ramin da aka haƙo dutsen da kogin da ya biyo.

Wadda na zauna kusa da ita ta dutsen yashi ce mai launin ƙasa-ƙasa, daga Bentheim da Gildehaus, garuruwan Jamus da ke dab da iyaka. Mama, ki ɗauka babban turmi ne wanda mutum biyu za su kewaye da hannu, sai dai na dutse. A ƙarni na 12 da na 13 masassaƙan wannan yanki sun yi ta sassaƙa su a kan fasali kusan ɗaya: zanen igiya a kewaye, kurangar inabi a sama, sau da yawa kuma zakoki huɗu a gindi suna tallafe da ita. Zakokin ba su yi kama da zaki sosai ba, a ganina masassaƙan labarinsa kawai suka ji. Kogin Vecht, wanda ke wucewa kusa da garin da nake, shi ne babbar hanyar wannan dutse, shi ya sa aka fi samun irinsu a arewa da gabas, a lardunan Overijssel da Drenthe da Groningen da Friesland. Akwai sananniya a cocin ƙauyen Vries. Har fadar sarki da ke tsakiyar Amsterdam, wadda aka fara ginawa a 1648, da dutsen Bentheim a jikinta.

In mutum ya gangara kudu sai launi ya sauya. A can dutsen baƙi ne mai ratsin shuɗi, irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa, daga wajen Namur ta Beljiyam, ya biyo kogin Maas, kuma alamarsa kawunan mutane huɗu da aka sassaƙa a gefen baki. Na garin Tournai, shi ma a Beljiyam, sun bi kogin Schelde, wasunsu har sun tsallaka teku zuwa Ingila, ɗaya tana babbar cocin Winchester har yau. Wajen gane asalin dutse ido kaɗai ba ya isa, domin fenti da dattin shekaru suna rufe fuskar dutse. Ɗigon asid yana tafasa a kan na Beljiyam, ba ya tafasa a kan na Bentheim. In an sami izini, akan ɓalli ɗan mitsitsi a goge shi har haske ya ratsa, a duba a na'urar ƙara girman abu: a na kudu ana ganin ɓarɓashin halittun teku da suka zama dutse, a na gabas kuwa ƙwayoyin yashi ne masu tsabta, kusan girmansu ɗaya.

Girman kwatarniyar yana da dalili, domin a wancan zamani tsoma jariri ake yi a ciki. Akan keɓe ruwan da addu'a a daren Ista a ajiye shi ya daɗe, don haka ake yi mata murfi da kwaɗo kada mutane su ɗiba su kai wa masu tsubbu. Yau na shafa bakinta na ji ramukan da ƙarfen ya bari.

Ɓangaren da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya same su daga baya. A 1566 aka yi tarzomar farfasa siffofi a coci-coci, bayan haka kuma, da mabiya koyarwar Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, suka karɓi majami'un arewa, sai suka ga ɗan kwanon tagulla a jikin mumbari ya wadatar. Aka fitar da na dutse waje. An binne wasu, an dasa furanni a wasu, magina sun kwaɓa farar ƙasa a wasu, da yawa kuma sun ƙare a gonaki shanu da dawaki suna shan ruwa a ciki, sai a ƙarni na 19 da na 20 aka riƙa nemo su ana mayarwa coci ko gidan tarihi. Wannan ne ke wahalar da mu, domin inda aka tsinci abu ba lallai nan ne gidansa na fari ba. Da aka karanta Luka sura 2 yau, aka zo kan komin dabbobi, ban iya hana idona komawa kan kwatarniyar ba. Ina yaba wa mutanen nan yadda suke adana ta yanzu, amma mu da muka hallara ba mu cika rabin kujeru ba, yawanci masu furfura, ita kuwa a bushe take.

Ana tashi kowa ya hau kekensa. Babu yara da sababbin kaya suna bi gida-gida, babu wanda ya ɗauko kwano. Mama, wannan rabon abinci shi ne abin da na fi kewa, fiye da abincin kansa: kwanonin samira a jere a tsakar gida tun kafin a tafi coci, waina a wannan, miyar taushe a wancan, kina faɗa mana wanne ne na gidan wa, kina kuma ƙara tsoka a na Hajiya maƙwabciyarmu saboda naman da take aiko mana da Babbar Sallah. Na yi taushe jiya da dare. Kabewa da alayyafo da gyaɗa duk akwai su a nan, amma ba yakuwa ba daddawa, don haka miyar ta fito da kyan gani kawai. Na zuba a kwano na kai wa maƙwabcina, ya karɓa a bakin ƙofa cikin ladabi, yana tambayata ko lafiya. Na dawo ɗaki ina dariya, daga baya dariyar ta tsaya. Duk da haka kada ku damu, ina cikin ƙoshin lafiya, ɗakin da ɗumi, gobe ma hutu ne domin su kwana biyu suke Kirsimeti.

Ku gaishe mini da Kaka da kyau da kyau. Ku faɗa mata ina shafa man da ta ba ni, ina rufe kunne saboda sanyi, kuma ban daina waƙoƙin da ta koya mini ba. A yi mata haƙuri in ta ce a sake karanta mata wannan takarda, a kuma tsallake zancen asid. Ina gaida Gwaggo, wadda ta riƙe ni ranar baftismata, da Kawu da iyalinsa, da Yaya da matarsa da jaririnsu da ban gani ba tukuna. Auta, na ji kai ne mai kai kwanoni bana, ka riƙe da hannu biyu, kuɗin barka da aka ba ka kuma ka nuna wa Mama. A gaida Hajiya da 'ya'yanta, da Fasto, da zumuntar mata, da 'yan kwaya, da duk wanda ya tambaye ni.

Baba, ina roƙon abu biyu. In an sami mai zuwa, a aiko mini da daddawa da busasshiyar yakuwa, a ƙulle su sosai. Sa'an nan in kun sami sarari, ku tambaya mini a cocinmu ta St. Bartholomew ko tsohon littafin rajistar baftisma yana nan, da shekarar da ya fara, domin abokiyar aikina ta yi mamaki da na ce mata da ƙasa aka gina cocinmu, tana so ta ji ƙarin bayani.

Taku har kullum,
'Yarku