Anti, in yi magana a cire ni daga makaranta, ko in yi shiru?

Assalamu alaikum Anti,

Ina yini, ya aiki, ya ɗawainiya da mu? Allah ya saka miki da alheri. Tun ina sakandare nake jin shirinki, domin duk ranar Asabar Umma takan ajiye rediyo a kan turmi a tsakar gida, muna wanke-wanke muna saurare, wani lokaci har mu yi ta gardama kan amsar da kika ba wata. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana tawa wasiƙar za ta shiga layi ba. Kafin komai ina roƙon ki don Allah, kada ki ambaci sunana, ko garinmu, ko makarantarmu.

Ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a wata jami'a a nan Arewa, shekaruna 23. Zango ɗaya ya rage mini. Da tuni na gama, to amma yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya cinye wata takwas cur, ya same ni ina aji ɗaya.

Sai kin san yadda na shiga jami'ar kafin ki gane abin da ke hana ni barci. A duk zuri'armu ni ce mace ta farko da ta wuce sakandare. Ranar da takardar samun gurbi ta fito, Baffa, yayan Abbanmu, ya zo har gida ya ce shi bai yarda ba, jami'a wurin lalacewar 'ya'ya mata ne, ga masu neman aure suna ta sallama. Abba malamin firamare ne mai ritaya, mutum ne da ba ya ɗaga wa yayansa murya, amma ranar ya tsaya kai da fata. Ya sayar da wata 'yar gona da ya gada ya biya mini kuɗin rajista da na ɗaki. Da zan tafi ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Na saba wa Yaya saboda ke. Ranar da na ji wata magana a kanki, ko ta gaskiya ko ta ƙarya, ranar za ki dawo gida." Ina da ƙanne mata biyu. Mai bi mini ta zana JAMB bana, aikin jinya take so. Dukansu ni suke kallo, kuma Baffa ma ni yake kallo, ta wata fuskar daban.

A farkon wannan shekarar karatu aka raba mu ga malaman da za su duba mana furojet, wato aikin binciken kammala digiri. Na faɗa hannun wani babban malami, magidanci, wanda ya kusa sa'ar Abba. Da fari har murna na yi. "'Yata" yake ce mini, ya gyara mini taken aikin, ya ara mini littattafai biyu, babi na ɗaya ya wuce ba tare da wata wahala ba. Daga babi na biyu lokacin ganinsa ya fara sauyawa. Sauran ɗalibansa da safe yake ganin su, ni kuwa sai ya ce in zo bayan la'asar, daga baya ya koma bayan magariba, lokacin da ba kowa a sashen sai mai gadi can bakin ƙofa. Na je sau biyu da ƙawata, ya ce ta jira a waje, aikin furojet ba taron biki ba ne. Zuwa na uku ya tashi ya murza makulli. Ya ce ni ba yarinya ba ce, na san abin da yake nufi, kuma ba wadda ta taɓa yi masa gardama ta fita da sakamako mai kyau. Ya kama hannuna. Ban san inda ƙarfi ya zo mini ba, na fizge, na ce zan yi ihu, ya buɗe ƙofar yana dariya. Fayil ɗina ma a kan teburinsa na baro shi.

Tun daga ranar babi na uku ya dawo mini sau huɗu, jan biro ta ko'ina, ba tare da ya nuna abin da zan gyara ba, sai kalma ɗaya a sama: a sake. 'Yan rukuninmu suna babi na biyar. Kuma shi ke koyar da mu wani kwas na dole, wanda a gwajinsa ya ba ni maki 4 cikin 30, ni da ban taɓa samun kariyoba ba tun shigata. In na faɗi wannan kwas sai na ƙara shekara, kuma a hannunsa zan sake zama.

Yana turo mini saƙo ta WhatsApp da dare, in ya ga na karanta sai ya goge. Na samu na ɗauki hoton guda biyu kafin su ɓace. Makon jiya kuma ƙawar ɗakina ta ba ni shawara in kunna naɗar murya in sa wayar cikin jaka idan na koma wurinsa. Na yi. Minti shida ne, muryarsa tar, har da sunan gidan baƙin da yake so in same shi, da alkawarin cewa in na je zai sa hannu a furojet ɗin a ranar. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Wayar nan yanzu ji nake kamar garwashi nake ɗauke da shi a jaka.

Anti, bari in riga masu tambaya, don na san za a yi ta. Hijabi nake sawa har ƙasa, da safa. Ban faɗi haka don in ce wadda ba ta sa irin nawa ta cancanci a taɓa ta ba, na faɗa ne don na gaji da jin cewa shiga ce ke jawowa. A bakin ƙofar makarantarmu akwai ƙaton allo mai hotunan irin kayan da aka hana sawa, kuma masu gadi suna mayar da ɗalibai mata kullum a kan haka. Na zaga makarantar nan kaf ban ga allo ko ɗaya da ke gaya wa ɗaliba inda za ta je in malami ya kulle ta a ofis ba.

Ba wai na naɗe hannu na zauna ba. Na sami wata malama a sashenmu da nake ganin mutuncinta, na ba ta labari ba tare da na ce ina da murya ba. Idonta ya kawo ruwa, kuma ban ga alamar mamaki a fuskarta ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ta ce in yi haƙuri, in dage da addu'a, kada in sake zuwa ni kaɗai. Na ce a canza mini mai duba aiki mana. Ta ce sai shugaban sashe ya sa hannu, kuma sai na rubuta dalili. Shugaban sashen kuwa amininsa ne, mota ɗaya suke shiga zuwa ɗaurin aure. A ofishin kula da harkokin ɗalibai na yi tambaya kamar don wata nake yi, aka ce ƙorafi sai a rubuce, da suna da lambar rajista, sannan a kafa kwamiti. Su waye a kwamitin? Malamai ne, abokan aikinsa. Wato in kai ƙarar kura wurin 'yan'uwanta, in kuma ajiye musu adireshina.

Da dare in barci ya ƙi zuwa nakan yi ta bincike a waya. Na karanta labarin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, inda a 2018 wata ɗaliba ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele yana neman ta da lalata don ya ƙara mata maki. Jami'ar ta kore shi, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta gurfanar da shi, kotu ta ɗaure shi shekara biyu. A nan na fara sanin cewa ICPC tana ɗaukar irin wannan a matsayin amfani da muƙami ta haramtacciyar hanya, kamar dai cin hanci. Na ga binciken da BBC ta yi a 2019 da ɓoyayyiyar kyamara a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Na ga hotunan ɗaliban shari'a mata na Jami'ar Kalaba a watan Agustan 2023, riƙe da kwalaye suna zanga-zanga kan shugaban tsangayarsu, har aka dakatar da shi. Na kuma karanta cewa Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin hukunta malaman da ke neman ɗalibansu a 2020, mai tanadin ɗauri har shekara 14, amma gwamnatin lokacin ta sauka ba a sa masa hannu ba. Akwai kuma dokar VAPP ta 2015 ta hana cin zarafi, wadda sai jiha ta karɓe ta kafin ta yi aiki a cikinta.

Duk wannan yakan ba ni ƙwarin gwiwa na ɗan lokaci, sai in tuna cewa ɗalibar Ile-Ife sunanta da hotonta sun zaga duniya. Na kuma tuna 2019, lokacin da matan Arewa suka fito a Twitter ƙarƙashin ArewaMeToo suna faɗin abin da aka yi musu. Ina ƙarama a lokacin, amma ban manta irin zagin da suka sha ba, da yadda na ji manya a unguwarmu suna cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A wurinmu ba a tambayar me ya yi mata, sai dai me ya kai ta ofishinsa bayan magariba. Ni kuwa na je, har sau uku. Wa zai tsaya ya ji cewa furojet ne ya kai ni?

In maganar nan ta fita, na san yadda za ta kaya a gida. Abba ba zai zarge ni ba, na san zuciyarsa. Amma Baffa zai zo ya zauna a zaure ya ce ai ya faɗa, kuma Abba ba shi da bakin sake saɓa masa. Ni zan dawo gida saura wata huɗu in gama, ƙannena kuma sun yi sallama da jami'a ke nan. Dama a watan Satumbar 2023, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, sannan bayan 'yan kwanaki aka ɗauki wasu a Dutsin-ma, da ƙyar Umma ta lallashi Abba ya bar ni na koma. Ni ma a wajen makaranta nake haya, don gadajen ɗakunan kwanan cikin makaranta ba sa isa, kuma hanyar da muke bi in an tashi lakcar yamma ko ƙwan fitila ɗaya babu. Abba tsoronsa na daji ne. Bai san abin da ke cikin ofis mai labule da na'urar sanyaya ɗaki ba.

Akwai kuma wanda zan aura. An kai gaisuwa, an ce sai na gama. Mutumin kirki ne, amma yana da zafin zuciya, in ya ji ina tsoron ya je ya yi abin da zai mayar da mu masu laifi. Mahaifiyarsa kuma dama ba ta so ya ɗauko 'yar jami'a ba.

Na yi tunanin in yi shiru, in karɓi faɗuwar, in ƙara shekara, ko Allah zai sa a sauya masa kwas. Har na fara sabawa da wannan tunanin, sai ranar Talata na ga wata yarinya 'yar aji biyu ta fito daga ofishinsa tana goge ido da bakin mayafi. Muka haɗa ido, ta sunkuyar da kai ta wuce da sauri. Ba ta fi sa'ar ƙanwata ba. Tun ranar abinci ba ya wuce mini, don ni ce mai shaida a hannu, ita wataƙila ba ta da komai.

Ƙawata ta ce in saki muryar a Facebook da baƙon suna, duniya ta yi masa hukunci. Amma ya ambaci taken furojet ɗina a ciki, duk ɗan sashenmu zai gane ni cikin minti ɗaya. Ta kuma ce akwai cibiyoyin taimakon waɗanda aka ci zarafinsu, irin Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, ga kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. To ni abin bai kai ga fyaɗe ba, Allah ya tsare. Shin irina ma suna saurare, ko sai abin ya faru?

Don Allah Anti ki tambayar mini lauyoyin da kike gayyatowa shirin: akwai hanyar da zan miƙa wannan murya ga ICPC ko ga shugaban jami'a kai tsaye, a bincika, ba tare da sunana ya fita ba? In an fara bincike, wa zai kare mini makina, tunda takarduna suna hannun abokansa? Kuma naɗar muryar mutum bai sani ba, ba za ta juyo ta zama laifi a kaina ba?

Sai wadda ta fi yi mini nauyi, wadda ba ta lauya ba ce, taki ce a matsayinki na uwa. In gaya wa Umma? Ba ta taɓa ɓoye wa Abba komai ba a zamansu, kuma ban so in ɗora mata abin da zai zame mata na farko. Amma ita kaɗai ce nake jin za ta iya zaunar da shi ta gaya masa ta yadda zai ji ni aka zalunta kafin maganar ta isa kunnen Baffa.

Kwana goma sha ɗaya suka rage wa wata. In za ki karanta wasiƙar a shiri, ki cire maganar gona da ta aikin Abba, domin Umma tana saurare, kuma za ta gane.

Wassalam,
'Yarki, ɗaliba 'yar aji huɗu