Wa Ke Lissafa Awannin Maigadi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙayyade wa ma'aikatan masana'antu awa 8 a rana, 48 a mako. Ma'aikacin ofis yakan tashi kan lokaci, ko da yake yanzu waya na bin sa har gida. Maigadi fa? Daga magariba har gari ya waye yana bakin ƙofa, ba ko sisin kwabo na ƙarin lokaci. Haka nas, in mai karɓarta ba ta zo ba, dole ta zarce.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aikin awa 55 ko fiye a mako na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Don Allah jaridarku ta tambayi masu ɗaukar ma'aikata: suna ma rubuta awannin da aka ƙara kuwa?

Na gode,
Mai karanta jaridarku