A Yi Hattara da Allurar Narkar da Tumbi da Ta Shigo Katsina

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin jama'a kan wata allura da ta fara yawo a hannun matasanmu masu zuwa gidajen ɗaga ƙarfe, da ma magidanta masu neman rabuwa da tumbi, wadda masu tallarta suke kira feftayid, suna cewa tana narkar da kitse ta kuma ɗaure jiki ba tare da wata illa ba.

Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in yi ritaya, amma ban taɓa riƙe wannan kwalba a hannuna ba sai a bazarar da ta wuce, lokacin da na je gidan ƙanena na buɗe firji neman ruwa, na tarar da ita a gefen robar zoɓo. Ƙaramar kwalba ce mai farar hoda a ƙasanta, babu lambar NAFDAC, an kuma rubuta a jikinta da Turanci cewa don bincike kawai aka yi ta, ba don jikin ɗan Adam ba. Ta ɗansa ce, saurayi mai shekara 27, wanda ya saye ta daga wani da ya gani a WhatsApp. Da na ce masa, "Kai yaro, ka san abin da kake tsira wa cikinka kuwa?" sai ya ce, "Baba, ai ba magani ba ne, jikina ne zai riƙa fitar da sinadarinsa da kansa."

Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma nan ne tarkon yake. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta wuce girman wake ba, ita ke fitar da sinadarin girma, musamman idan barci ya yi nauyi da dare. Wannan sinadari yana taimakawa wajen ƙona kitse da gina tsoka, yana kuma raguwa yayin da shekaru suke ja. Aikin waɗannan allurai, irin su GHRP-6 da GHRP-2 da ipamorelin da CJC-1295, shi ne su zaburar da ƙwayar ta fitar da fiye da abin da ta saba. To amma zaburar da jiki ya yi abin da ya wuce ƙa'idarsa shi ma magani ne, kuma yana da farashi.

A duk danginsu, guda ɗaya tak hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ita don rage kitse, wato tesamorelin, a shekarar 2010. Ita ma ba ga kowa ba, sai ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau waɗanda kitse ya taru musu a can cikin ciki, kewaye da hanji. A gwaje-gwajen da aka yi, wannan kitse ya ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari a wata shida, nauyin jiki bai sauya a zo a gani ba, kuma da aka daina allurar kitsen ya dawo mazauninsa. Idan wadda aka tantance ke nan, me za a ce game da sauran da ba a amince da su don rage ƙiba ba?

Abin dariya, idan da abin dariya a ciki, shi ne GHRP-6 da yaron nan yake yi tana kwaikwayon sinadarin yunwa ne, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Mahaifiyarsa ta ce bayan ya ci tuwon dare sai ya sake fita neman mai shayi da ƙwai. Zoben azurfarsa ya daina shiga yatsa saboda kumburi, yatsunsa suna masa mintsini idan ya tashi da asuba, gwiwoyinsa suna ciwo a wajen sujada. Duk waɗannan sanannun illoli ne na yawan sinadarin girma. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne suga, domin wannan sinadari yana rage ƙarfin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, ga shi ciwon suga gadonmu ne a gida. Haka kuma yana ɗaga wani sinadari da hanta ke fitarwa mai sa ƙwayoyin jiki su hayayyafa, shi ya sa ake hana mai ciwon daji da mace mai ciki ko da tesamorelin ɗin.

Sai kuma batun ajiya. Da zarar an dama hodar da ruwa, dole ta zauna cikin sanyi. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wutar lantarki kuma sai an ga dama, wa ke da tabbacin cewa abin da ke cikin kwalbar bai lalace ba tun a motar da ta kawo shi? Wannan ma idan abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Matasanmu masu burin buga ƙwallo a filin wasa na Muhammadu Dikko su sani cewa hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta waɗannan allurai baki ɗaya.

Ina kira ga NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna da su leƙa gidajen motsa jiki da shafukan da ake wannan ciniki, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina kuma ta sa likitoci su yi bayani a rediyo da Hausa. Wanda ya riga ya fara, ya ɗauki kwalbar ya kai wa likita, a auna masa suga kafin ya karya kumallo. Haka muka yi da ɗan ƙanena, kuma likitan ya ce ya dakatar da allurar, ya dawo a sake awo bayan wata uku.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.