Zuwa ga Malam: amsar tambayarka kan amfanin jakadun ƙaramar ƙasa

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

A shirin rediyon da aka yi nan Maraɗi kan harkokin waje, ka ɗora mana tambaya a gaban jama'a. Ka ce ƙasar da ba ta da kujerar naƙi, ba ta da jiragen yaƙi na a zo a gani, har kasafin kuɗinta sai an tallafa mata, me ya kai ta ciyar da jakadu a New York da Geneva? Ka kuma ce maganar haƙƙin ɗan Adam bulala ce a hannun manya, da ita suke dukan ƙanana. Lokacin shirin bai isa a ba ka amsa mai gamsarwa ba, shi ya sa muka rubuto.

Rabin maganarka gaskiya ce, ba za mu ja da kai ba. Ƙasashe biyar, wato Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa, kowacce na iya kashe ƙuduri a Kwamitin Sulhu da ƙuri'a guda, ko da sauran 14 sun amince. An mamaye Iraƙi a 2003 ba da izinin kwamitin ba, kuma duk wanda ya bi labarin Gaza ya ga yadda kujerar naƙi ke kare aboki. Inda muka rabu da kai shi ne cewa babu abin yi. Akwai, sai dai aiki ne na takarda da haƙuri da lissafin ƙuri'a, kuma ƙasar da ba ta shirya ba ita ke dawowa hannu rabbana.

Ɗauki Gambiya, wadda mutanenta ba su kai na jihar Maraɗi yawa ba. Ranar 11 ga Nuwamban 2019 ta kai Myanmar ƙara Kotun Duniya da ke Hague, mai shari'a tsakanin ƙasashe, kan kisan Musulmin Rohingya, waɗanda sama da 700,000 daga cikinsu suka tsere Bangladesh tun watan Agustan 2017. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda aka gina ƙarar. Da farko sai an samo ƙofar shiga, domin kotun ba ta sauraron ƙara sai ƙasashen biyu sun yarda da hurumin ta. Ƙofar ita ce sashe na 9 na yarjejeniyar hana kisan kiyashi ta 1948, wanda Gambiya da Myanmar duk sun amince da shi. Bangladesh da ke ɗauke da ƴan gudun hijirar ta sa wa wannan sashe sharaɗi lokacin da ta shiga yarjejeniyar, don haka hanyar ba ta buɗe mata kamar yadda ta buɗe wa Gambiya ba. Na biyu, dole a nuna cewa akwai saɓani tsakanin ƙasashen tun kafin shigar da ƙara. Saboda haka Gambiya ta yi magana a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kuma aika wa Myanmar takardar diflomasiyya a watan Oktoba, wata guda kafin ta je kotu. Wannan mataki kamar ƙarami ne, amma a kansa tsibiran Marshall suka faɗi a 2016: sun kai Birtaniya da Indiya da Pakistan ƙara kan makaman nukiliya, kotun ta kori ƙarar don ba su nuna saɓanin ya wanzu tun farko ba. Na uku hujja, wadda Gambiya ta samo daga rahotannin tawagar binciken Majalisar Ɗinkin Duniya. Na huɗu kuɗin lauyoyi da goyon baya, a nan Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi mai mambobi 57 ta tsaya mata. Sannan akwai mutumin da ya san aikin, ministan shari'ar Gambiya na lokacin, Abubacarr Tambadou, wanda ya yi shekaru yana aiki da masu gabatar da ƙara a kotun kisan kiyashin Ruwanda.

Ranar 23 ga Janairun 2020 alƙalan baki ɗaya suka umarci Myanmar ta kare Rohingyan da suka rage, ta adana hujjoji, ta riƙa kawo rahoto duk wata shida. A Yulin 2022 kuma suka yi watsi da ƙorafinta na cewa Gambiya ba ta da ikon kai ƙara tunda ba ƴan ƙasarta aka kashe ba. Za ka ce, to Rohingya sun koma gida? Ba su koma ba, suna sansanonin Cox's Bazar a Bangladesh. Kotun ba ta da ƴan sanda, kuma idan aka ƙi bin hukuncinta sai a koma Kwamitin Sulhu, inda kujerar naƙi ke jira. Duk da haka an kafa ƙa'idar da kowace ƙasa, komai ƙanƙantarta, za ta iya tsayawa a kai gobe.

Ba sai mun je nesa ba, Malam. Nijar ta zauna a Kwamitin Sulhu a 1980 zuwa 1981, ta sake zama a 2020 zuwa 2021 bayan ta samu ƙuri'a 191 a zaɓen Yunin 2019. Abubuwa biyu daga wannan zama na biyu sun isa darasi. Nijar da Norway suka rubuta ƙuduri mai lamba 2601 kan kare makarantu da ɗalibai a lokacin yaƙi, aka amince da shi baki ɗaya ranar 29 ga Oktoban 2021. Ya wuce ne saboda batun namu ne, makarantun Tillaberi da Diffa a rufe suke saboda hare-hare, babu wanda zai ce Nijar na magana da yawun wani. An kuma share fage tun watan Satumban 2020, lokacin da Nijar ke shugabantar kwamitin, da sanarwar shugaba kan hare-haren makarantu. Sai ga na biyun: daftarin da Nijar da Ireland suka kawo kan alaƙar sauyin yanayi da tsaro. Ƙasashe 113 suka sa hannu a kansa, ranar 13 ga Disamban 2021 ya samu ƙuri'a 12, Indiya ta ƙi, Sin ta ƙaurace, Rasha ta hau kujerar naƙi, daftarin ya mutu. Ƙuri'a tara ake bukata, an samu fiye da haka, amma ba a shawo kan masu cewa batun yanayi ba na wannan kwamiti ba ne. A ganinmu jakadan Nijar na lokacin, Abdou Abarry, da abokan aikinsa sun yi daidai da suka kai shi ga ƙuri'a, domin manomin Dakoro da makiyayin da suke rikici kan burtali sun san alaƙar fari da faɗa. Amma ya nuna iyakar abin: kafin a kai daftari zaure, sai an san matsayin biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.

Wata huɗu bayan haka, Liechtenstein, ƙasar da mutanenta ba su wuce dubu arba'in da wani abu ba, ta jagoranci ƙudurin da ya ce duk lokacin da aka hau kujerar naƙi, Babban Zaure mai ƙasashe 193 zai zauna cikin kwana goma na aiki ya tattauna, a fara ba mai naƙin dama ya bayyana dalilinsa. Bai hana naƙi ba, ya dai sa ba a yin sa a ɓoye.

Yanzu mu dawo gida, inda muka fi so mu daɗe, domin a Maraɗi siyasar waje ba labarin rediyo ba ce. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya shigo ta ƙasar Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. Madatsar ruwan Jibiya tana samansa. Yawan ruwan da aka saki da lokacin da aka sake shi su ne ke nuna ko fadama za ta jiƙa, ko rijiyoyin masu lambu a Jiratawa da kewaye za su yi ƙasa. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971, mazauninta Yamai, akwai kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan raba ruwan da ƙasashen biyu suka haɗa, kuma wannan gulbi na cikinta. Takarda tana nan. Abin da ke ba ta rai shi ne ma'aunin ruwa a mashigar gulbi da ake karantawa kullum, da injiniyoyin da za su zauna da takwarorinsu na Katsina kafin damina da bayanta, da jadawalin sakin ruwa a rubuce. Idan babu ma'auni, wakilinmu zai je taro da kuka kawai, ɗaya ɓangaren kuma ya zo da lambobi, kuma mai lambobi ke rinjaye.

Haka batun ƴan gudun hijira. Tun 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako ƙasar Gidan Runji saboda ƴan bindiga, aka matsar da wasunsu nesa da iyaka zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Talakawan ƙauyukan iyaka ne suka fara buɗe musu rumbu kafin kowace ƙungiya ta iso. Abin da ke mayar da wannan karamci ya zama hakki, ya kuma jawo kuɗin rijiya da asibiti da aji, shi ne yarjejeniyar ƴan gudun hijira ta Afirka ta 1969 da rajistar da ake yi wa mutane da sunansu da yawan iyalinsu. Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da yarjejeniyar Kampala kan waɗanda rikici ya raba da gidajensu a cikin ƙasa ta zama dokar gida, a Disamban 2018. Irin wannan ne jarin da jakada ke shiga zaure da shi. Ko iyakokinmu ma ta kotu aka daidaita su ba da bindiga ba: da Benin a 2005, inda tsibirin Lete ya tabbata na Nijar, da Burkina Faso a 2013.

Kan bulalar manya kuwa, a tuna wanda ya taɓa riƙe ta. Hadijatou Mani, ƴar ƙasar nan, an sayar da ita tana da shekara 12. Ta kai gwamnatin Nijar ƙara kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, ta yanke mata diyyar sefa miliyan 10. Abin da ya bambanta wannan kotu shi ne ba ta sharɗanta sai ka gama da kotunan gida kafin ka zo. Mun san abin da takunkumin CEDEAO na 30 ga Yulin 2023 ya yi wa garin nan: iyakar Ɗan Isa a rufe, wutar lantarki daga Najeriya a yanke, magani da abinci sun yi tsada, har zuwa 24 ga Fabrairun 2024 da aka ɗage shi. Zalunci ne a hukunta mara lafiya da ɗan kasuwa kan abin da ba su suka yi ba, kuma fushin jama'a yana da dalili. Amma da ficewar Nijar daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, ƙofar da Hadijatou ta bi ta rufe ga mai sabuwar ƙara. Akwai kotun Afirka da ke Arusha, wadda Nijar ta amince a 2021 ɗaiɗaikun mutane su kai ƙara gabanta, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul, amma dukansu sai ka bi kotunan gida har ƙarshe, abin da kan ci shekaru da kuɗin da talaka ba shi da su. Ra'ayinmu a fili yake: ƙawancen AES na Nijar da Mali da Burkina Faso na bukatar kotun da ɗan ƙasa zai iya kai gwamnatinsa ƙara kai tsaye, da alƙalan da ba a iya sauke su don hukuncinsu bai yi daɗi ba. Ƙasar da ke neman a yi mata adalci a waje, abu na farko da abokan hamayya ke buɗewa shi ne kundin gidanta.

Ka ce mu talakawa ina ruwanmu. Akwai hanya ɗaya da ƙungiyar malamai ko ta mata ko ta makiyaya a Maraɗi ke iya bi ba tare da sun taka Geneva ba. Duk shekara huɗu da rabi, Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam mai kujeru 47 na duba kowace ƙasa, har da manya irin su Faransa. An duba Nijar a 2011 da 2016 da 2021. Ana aiki da takardu uku: rahoton gwamnati, tattarawar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da taƙaitawar abin da ƙungiyoyin farar hula suka aiko. Ƙungiya guda na da damar kalma 2,815, haɗakar ƙungiyoyi kuma 5,630, kuma ana rufe karɓa watanni kafin zaman. Zaman kansa awa uku da rabi ne, idan ƙasashe sun yi yawa kowacce kan samu minti ɗaya ko ƙasa da haka don ba ƙasar da ake dubawa shawara. Saboda haka jakada ba ya ɗaukar dogon ƙorafi, abin da zai iya karantawa a numfashi biyu yake nema.

A nan yawancin rahotanni ke lalacewa. Wanda ya rubuta "a inganta ilimin ƴaƴa mata" ya ba gwamnati abin da za ta amsa da hannu biyu, domin babu ranar da za a ce ba ta cika ba. A rubuta wace doka, wane sashe, a canza shi zuwa me, kafin wace shekara, wace ma'aikata ce ke da alhaki. A sa abin da aka gani da ido, da wurin da kwanan wata, a ɓoye sunan wanda abin ya shafa don kare shi. A ɗauko shawarwarin da ƙasa ta karɓa a zagayen baya a nuna wanne aka aiwatar, wanne aka bari. Sannan a kai taƙaitawar shafi guda ofisoshin jakadancin da ke Yamai, a fara da na ƙasashen Afirka da na Musulmi, domin shawarar da ta fito daga bakin maƙwabci ta fi wuyar a kira ta katsalandan. Bayan zaman, gwamnati kan bayyana a rubuce waɗanda ta karɓa, kuma wannan takarda ce za ku riƙe ku je da ita wurin gwamna da ma'aikatar da abin ya shafa.

Allah ya saka maka da alheri da ka yi tambayar a fili. Mun gode, Malam.

Ƴan'uwanka masu nazarin dokokin ƙasa da ƙasa,
Maraɗi.